Yadda Ake Kallon Tsofaffin Fina-finan Hungariya da Aka Gyara a Gida a Legas

Tun daga shekarar 2017 ma'adanar fina-finai ta ƙasar Hungariya, wadda aka kafa a 1957 a Budapest, ta duƙufa wajen gyara tsofaffin fina-finan ƙasar ɗaya bayan ɗaya, kamfanoni a Birtaniya da Amurka kuma suna karɓar abin da aka gyara suna buga shi a faifan Blu-ray domin kallon gida. Saboda haka mutumin da ke zaune a Agege ko Idi-Araba yana iya ganin fim ɗin da aka ɗauka shekara sittin da suka wuce da tsabtar hoton da kaset ko tsohon faifan DVD bai taɓa bayarwa ba. Sai dai mallakar faifan kaɗai ba ta wadatar. Yawancin waɗannan fina-finai an gina su ne a kan abu biyu, wato doguwar ɗauka wadda kyamara ke tafiya mintuna ba a yanke ba, da kuma launukan toka masu hawa-hawa da ke tsakanin baƙi da fari. Kwafin jabu, da talabijin da ba a saita ba, da ɗaukewar wuta a tsakiyar kallo, waɗannan abubuwa biyu suke fara lalatawa, kuma su ne ya kamata kowane mataki na shiri ya kare.

Abin da gyaran ya ƙunsa

Yana da kyau mai saye ya san abin da yake biya wa kuɗi. Ana ɗauko zaren asali wanda ya fito daga cikin kyamara ranar da aka yi ɗauka, a wanke shi, a ɗinke wuraren da suka yage, sannan a bi shi hoto-hoto da na'urar da ke mayar da shi cikin kwamfuta, galibi a ƙarfin da ake kira 4K, wato kimanin ɗigo 4,000 a faɗin kowane hoto. Da yake hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, fim mai tsawon minti 90 yana ɗauke da hotuna kusan 130,000. Bayan haka ake cire ƙura da ƙarce, a tsayar da rawar hoto, a daidaita haske da duhu, sau da yawa tare da mai ɗaukar hoton na asali idan yana raye. Abin da gyara mai kyau ba ya taɓawa shi ne tsaki-tsakin da ke motsi a jikin hoton, domin wannan ba datti ba ne, jikin zaren fim ne, kuma a cikinsa ƙananan bayanai na fuska da tufafi suke.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Fim ɗin Hausa na Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Irin wannan hidima ce Hungariya take yi wa fina-finanta, sai dai ita ta mayar da ita shirin gwamnati mai ɗorewa.

Da wanne za a fara

Kafin a zaɓi fim ana buƙatar ɗan tarihi kaɗan. Gwamnatin gurguzu ta karɓe harkar fim a Hungariya a 1948, jama'a suka yi bore a 1956, tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe shi a watan Nuwamba na shekarar, daga nan János Kádár ya riƙe mulki har 1988. Daraktocin wannan zamani da kuɗin gwamnati suke aiki, ba su da ikon sukar ta kai-tsaye, shi ya sa suka ƙware wajen habaici, su ɗauko labarin wani ƙarni su faɗi na nasu zamanin a cikinsa. Wanda ya riƙe wannan ya sami mabuɗin yawancin abin da zai gani.

Shawarata ita ce a fara da fina-finan da labarinsu na cikin gida ne. Szerelem na Károly Makk, na 1971, wanda ake sayarwa da sunan Love, labarin wata mata ne da aka ɗaure mijinta saboda siyasa, ta ci gaba da jinyar surukarta tsohuwa, tana rubuta mata wasiƙu da sunan ɗan, wai yana Amurka yana shirya fim, don kada baƙin ciki ya ƙarasa ta. Mai kallo kuma bai tabbata ko tsohuwar ta yarda ba ko kuwa ita ma tana rufa wa matar ɗanta asiri ne. Fim ɗin bai wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma ya sami kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a shekarar da ya fito. Körhinta na Zoltán Fábri, wanda aka nuna a Cannes a 1956 kuma sunansa a kasuwa Merry-Go-Round, zancen auren dole ne: uba yana son aurar da 'yarsa ga mai gona don ƙasa ta haɗu da ƙasa, ita kuma zuciyarta tana wurin wani saurayi na ƙungiyar manoma. Duk wanda ya girma da fina-finan Kano ya san wannan jigo, abin da zai zame masa sabo shi ne yadda aka ɗauki rawar biki har kan mai kallo ya riƙa juyawa. Jaruma ɗaya ce a fina-finan biyu, Mari Törőcsik, yarinya a na 1956, cikakkiyar mace a na 1971. Sai Adoption na Márta Mészáros, na 1975, game da wata ma'aikaciyar masana'anta mai shekara 43 da ke marmarin haihuwa, wanda ya ci babbar kyautar bikin Berlin, kuma ita ce mace ta farko da ta karɓi wannan kyauta a matsayin darakta.

Bayan ido ya saba sai a shiga fina-finan darakta Miklós Jancsó, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 2014, kuma a nan ne amfanin gyaran yake fitowa fili. The Round-Up, na 1966, yana faruwa ne a wani sansani da ke tsakiyar fili fetal, shekaru kimanin ashirin bayan murƙushe juyin da 'yan Hungariya suka yi a 1848 don neman 'yanci daga Ostiriya, inda hukuma ta tara mutane tana neman ta gano waɗanda suka yi tawaye ta hanyar sa su tona wa juna asiri. Babu jarumin da za a bi, wanda aka zaci shi ne mai labarin sai a wayi gari babu shi. Allon faffaɗa ne ƙwarai, fararen bango, baƙaƙen alkyabbu, mutane can nesa ƙanana a bakin sararin sama, kuma a kwafi marar kyau mutanen nan na nesa narkewa suke yi su zama tabo, alhali sau da yawa abin da ke faruwa da su shi ne labarin. The Red and the White, na 1967, ya koma yaƙin basasar Rasha a 1919. Red Psalm ya ba shi kyautar gwanin darakta a Cannes a 1972, Electra, My Love na 1974 kuwa ɗauka 12 ce kacal daga farkonsa har ƙarshensa.

Wanda ya fi son labari mai tafiya yadda aka saba, ya nemi Mephisto na István Szabó, na 1981, game da ɗan wasan kwaikwayon da ya sayar da kansa ga gwamnatin 'yan Nazi don ya ci gaba da haskawa, wanda ya kawo wa Hungariya kyautar Oscar a 1982. Fina-finan darakta Béla Tarr a bar su ƙarshe.

Dole a yi gargaɗi guda, kuma a yi shi tun kafin a kashe kuɗi. Fina-finan Jancsó suna da tsiraici, galibi a matsayin hanyar wulaƙanta fursuna, akwai kuma shan giya da azabtar da dabba da mutuwar ƙaramar yarinya a Sátántangó na Tarr. Ba abin kunnawa ba ne a falo yara suna shiga da fita. Faifan da aka buga a Birtaniya suna ɗauke da alamar shekaru a jikin kwali, irin su PG, 12, 15 da 18, tare da taƙaitaccen dalili a bayansa, kuma ya kamata maigida ya karanta wannan, ya kuma fara kallon fim ɗin shi kaɗai kafin ya gayyaci kowa. Ko zanen Son of the White Mare na Marcell Jankovics, na 1981, wanda aka gina kan tatsuniya, ya fi dacewa babba ya fara dubawa.

Samun faifan da zai yi aiki a nan

A nan ne aka fi tafka asara. An raba duniya shiyya uku a tsarin Blu-ray: A ta ƙunshi nahiyar Amurka da wasu ƙasashen gabashin Asiya, B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C kuma Rasha da Sin da Indiya. Nijeriya tana B, tare da Birtaniya. Faifan da aka kulle a A ba zai buɗe a na'urar B ba, sai dai ya nuna saƙo a allo ya tsaya. Harafin yana bayan kwali a cikin ɗan tambari, idan kuma an ga haruffan uku tare, to faifan zai yi aiki a ko'ina.

Kamfanin Second Run na Birtaniya shi ne ya fi dacewa da mai saye daga Legas, domin ya fitar da ayyukan Jancsó da Makk da Fábri da Mészáros, kuma galibin faifansa na Blu-ray ba a kulle su ba. A Amurka, Kino Lorber ya fitar da tarin fina-finan Jancsó guda shida a 2022, Criterion ya fitar da Adoption a wannan shekarar da Werckmeister Harmonies na Tarr a 2024, Arbelos kuma shi ya jagoranci gyaran Sátántangó a 2019, lokacin da fim ɗin ya cika shekara 25. Faifan Criterion na Amurka a kulle suke a A, na sauran kamfanonin Amurka ma a ɗauka haka ne har sai kwalin ya nuna akasi. Faifan 4K Ultra HD bisa ƙa'ida ba su da wannan kulli, amma suna buƙatar na'urarsu ta daban. DVD kuwa nasa tsarin na lambobi ne, inda Amurka take 1, Birtaniya 2, Nijeriya 5, kuma da yawa daga cikin tsofaffin DVD na waɗannan fina-finai an buga su ne kafin gyaran, don haka a duba shekarar bugu da kalmar 4K ko 2K a bayanin kwali.

Abu na biyu da za a tabbatar shi ne fassarar Turanci a ƙasan allo. Harshen Hungariya ba dangin Turanci ko Jamusanci ko Rashanci ba ne, danginsa na nesa su ne harsunan Finlan da Estoniya, saboda haka babu kalmar da za a tsinta a yi kirdado da ita. Wajen bincike kuma a tuna cewa su sunan iyali suke fara rubutawa, don haka a jikin fim za a ga Jancsó Miklós da Tarr Béla.

Hanya mafi sauƙi ta shigo da faifan ita ce ɗan'uwa ko aboki mai dawowa daga Ingila, a saya ta intanet a aika gidansa ya taho da su, tunda ba su da nauyi. Idan ta kamfanin aika kaya za a bi, kuɗin aikawa kan yi kusa da kuɗin faifai ɗaya ko ya wuce shi, kuma akwai yiwuwar biyan kwastan, saboda haka gara mutum uku ko huɗu su haɗa oda guda, kowa ya zaɓi darakta daban, daga baya a riƙa musaya. Faifan nan na kan titi masu fim ashirin a ciki ba su da wuri a wannan harka, araha ba ta ado. An matse su ne har tsaki-tsakin hoton ya koma murabba'ai masu rawa a wuraren duhu. Haka ma fayil ɗin da aka tura ta waya wanda bai kai gigabait ɗaya ba, alhali faifan Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25 zuwa 50.

Kallo ta intanet yana yiwuwa, da iyakarsa. Criterion Channel a Amurka da Kanada kaɗai yake aiki. MUBI yana buɗewa a Nijeriya, sai dai jerin fina-finansa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma yana sauyawa, don haka a nemi sunan fim ɗin kafin a biya. A lissafa data ma: hoto mai kyau yana cin kimanin gigabait 3 a awa, idan sabis ya yi rauni kuma manhajar da kanta take rage ingancin hoto, wuraren duhu su ne na farkon lalacewa.

Na'ura da wuta

Kasuwar Alaba International da ke Ojo da Computer Village ta Ikeja wuraren neman na'ura ne, ba faifai ba. A tafi da faifai biyu a jaka, ɗaya na A ɗaya na B idan akwai, a ce wa mai shago, "Oga, a jona mu gwada," kuma kada a karɓi alkawarin baki cewa tana cin kowane faifai, domin na'urori da yawa suna buɗe DVD na kowace shiyya amma a kulle suke a ɓangaren Blu-ray. A juya bayanta a karanta ƙarfin wutar da take ɗauka. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma tokumbo da ta fito daga can, idan ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinta ba, ƙonewa za ta yi da zarar an jona ta kai-tsaye. Wanda yake da PlayStation 4, ko PlayStation 5 mai ramin faifai, ya riga ya mallaki na'urar Blu-ray, amma ita ma tana bin shiyyar ƙasar da aka yi ta dominta.

Talabijin matsakaiciya da na'urar faifai idan an haɗa su, da wuya su wuce wat 150, don haka ƙaramin inbata ko batirin sola zai riƙe su tsawon fim, muddin ba a ɗora masa firij ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Wannan ya fi janareta, domin a fina-finan Jancsó da Tarr sautin iska da takun ƙafa da ruwan sama su ne kiɗan, ƙugin inji a bayan taga kuwa haɗiye su yake yi. Idan janaretan ne kaɗai mafita, a ajiye shi a waje nesa da taga, a sa belin kunne mai rufe kunnuwa, a kuma sanya ƙaramin UPS tsakanin bango da na'urar, saboda wasu faifan ba sa komawa inda aka tsaya bayan wuta ta ɗauke, sai an bi babi-babi an nemo wurin.

Saita talabijin

Talabijin tana fitowa daga shago ne a saitin da aka yi don ta ja ido a cikin hasken kanti, kuma wannan saitin shi ne babban mai ɓata fim ɗin baƙi da fari. A shiga wurin saitin hoto a bar Vivid ko Dynamic, a zaɓi Filmmaker Mode idan akwai, idan babu a zaɓi Cinema ko Movie. Da farko hoton zai yi kamar ya dushe ya karkata zuwa ruwan ƙasa, amma cikin mintuna kaɗan ido zai daidaita, farin bangon sansanin Jancsó ya daina ɗaukar shuɗi-shuɗi.

Sai a kashe abin da ke sulɓe motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Aikinsa shi ne ƙirƙiro hotunan da babu su ya cusa tsakanin 24 na asali, sai fim ya koma kamar bidiyon biki, kuma a doguwar ɗauka, inda kyamara ke zagaya dawakai da sojoji, za a ga gefen mutane yana yagewa. A kashe Noise Reduction, domin tsaki-tsakin fim yake ɗauka datti ya goge, fuskoki su zama sumul babu tamoji. A sauke Sharpness kusan ƙasa, a kashe saitin tsimin wuta da ke rage haske da kansa.

Baƙaƙen layukan da ke gefen hoto a ƙyale su. The Round-Up faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, don haka zai bar baƙi sama da ƙasa, Körhinta kuwa kusan murabba'i ne, zai bar baƙi dama da hagu. Wanda ya danna Zoom don allo ya cika ya yanke mutanen da ke gefe da hannunsa. Gwajin haske mai sauƙi ne: a tsayar da fim a wurin da wani yake sanye da baƙar riga, a ɗaga ko a sauke Brightness har a ga ninkin yadin ba tare da baƙin ya koma toka ba. A yi wannan da dare ko bayan an saki labule, a irin hasken da za a yi kallon.

Idan akwai wanda ba ya karanta Turanci da sauri a cikin masu kallo, kada a riƙa fassara masa da baki fim yana tafiya yadda aka saba ji a fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. A ba shi jigon labarin tun farko, a tsaya a ƙarshen babi a yi bayani. A fina-finan Jancsó ma maganar kaɗan ce, yawancinta umarni ne, zo nan, tsaya can, juya.

Ranar Sátántangó

Sátántangó, na 1994, minti 439 ne, wato awa 7 da minti 19, kuma an ɗauko shi daga littafin László Krasznahorkai, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2025. Labarin mutanen wata rusasshiyar gonar haɗin gwiwa ne da ke shirin raba ɗan kuɗinsu su watse, sai labari ya zo cewa Irimiás, wanda suka ɗauka ya mutu, yana kan hanyar dawowa. Ɗaukar farko shanu ne suna fitowa daga garke suna ratsa taɓo, kusan minti takwas babu yanka kuma babu magana. Wanda ya ji ba zai iya ba ya gwada Werckmeister Harmonies tukuna, wanda bai kai awa biyu da rabi ba kuma ɗauka 39 ce.

Babi 12 ne, kuma wasu babukan suna komawa baya su sake nuna rana guda ta idon wani mutum daban, shi ya sa raba shi kwana bakwai yake kashe shi, domin mai kallo zai manta abin da ya hango ta taga a babin baya wanda yanzu ake nuna masa daga ciki. A sinima hutu biyu ake yi, kuma wannan ya yi daidai da ranar Asabar a gida. Idan aka fara da ƙarfe goma na safe, za a yi hutun farko wajen Azahar a yi salla a ci abinci, na biyu a La'asar, a kammala a kusa da Magariba ko jim kaɗan bayanta. A tabbata batiri ya cika tun daren Juma'a, a ajiye waya a wani ɗaki, kuma a tsaya a ƙarshen babi kawai, kada a tsakiyar ɗauka.

Bayan kallo a mayar da faifai cikin kwalinsa nan take, a riƙe shi ta gefe ko ta ramin tsakiya. Danshin Legas, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba, yana sa fumfuna a kwali da ɗan littafin bayanin da ke ciki, don haka a jera faifan a tsaye cikin akwatin roba mai murfi, nesa da bangon da ke jiƙa, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Idan yatsa ya ɓata fuskar faifai, a goge da yadi mai laushi daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kada a zagaya.